Yadda ake tafiyar da sana'ar ginin tukwane a cikin gida, daga ramin yumɓu har kasuwa

Duk ranar da muka buɗe matoya, wato wurin gasa tukwane, muka tarar randa ta tsage, kakata ba ta ɗora wa wuta laifi. Takan ɗauki tsingaron ta jujjuya shi a hannu, ta duba kaurinsa da launin cikinsa, sannan ta faɗi ranar da aka yi kuskuren: ko an bar tsakuwa ranar kwaɓi, ko gindi ya fi baki kauri ranar gini, ko an fitar da ita rana tun ba ta sha inuwa ba. A hannunta na koyi ginin tukwane, kuma har yau ina yinsa a gidan aurena, a wata rumfa da ke bayan madafi. Da mace nake magana a nan domin a wajenmu mata ne ke gini, amma akwai garuruwan da maza ne magina, kuma aikin duk ɗaya ne.

Ki sani tun yanzu, yumɓu ne zai riƙa tsara miki lokaci. Akwai sa'ar da yake karɓar hannu, akwai sa'ar da sai dai ki rufe shi ki tashi. Dukkan abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ga gane waɗannan sa'o'i.

Wurin aiki da kayan aiki

Kafin ki haƙo ko kwano ɗaya na yumɓu, ki ware wurare uku a gidan: inda za ki jiƙa ki kwaɓa, inda za ki zauna ki yi gini, da inda kaya za su bushe. Na ukun ake rainawa, alhali shi ya fi sauran muhimmanci. Ya kasance ɗaki ko rumfa mai inuwa wadda iska ba ta bugawa kai tsaye, da ƙofa ko asabari mai kauri. Akuya guda za ta iya rushe miki aikin mako a shiga ɗaya, kaza kuma tana son hawa bakin ɗanyar tukunya. Ƙasan wurin a daɓe ta ko a yi mata siminti, don kada rairayi ya riƙa manne wa gindin kaya.

Kayan aikin ba su da tsada. Dundunge, wato dunƙulen gasasshen yumɓu da ake riƙewa a hannu ana bugun cikin tukunya da shi, wanda ke ma za ki iya gina shi ki gasa. Tsofaffin tukwane biyu ko uku masu kyawun gindi da za ki riƙa kifawa. Faffaɗan katako na bugawa, sakaina ta kankara, tsumma mai laushi, toka da aka tankaɗe, dutsen rafi mai santsi, 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, totuwar masara da igiyar kaba don zane. Sai buhunan algarara da babbar leda don rufewa. Turmi da taɓarya da rariya ki ware na aikin nan daban, kada su haɗu da na abinci.

Samo yumɓu

A fadama, bakin rafi da gefen kududdufi ake samunsa, galibi bayan an kau da ƙasar sama mai ciyayi da saiwoyi. Lokacin haƙa shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa ya janye, kuma a ranin nan za ki tara wanda zai kai ki ƙarshen damina, domin da ruwa ya sauka ramukan sun cika. Idan gonar wani ce, a nemi izninsa. Wanda duk zai haƙo miki, ki ja masa kunne kada ya riƙa rarake ƙarƙashin gaɓa yana bin jijiyar yumɓu mai kyau. Gaɓa tana rufta wa mutum ba tare da ta yi ƙara ba. A faɗaɗa ramin daga sama ko da zai ɗauki kwana biyu.

Sabon rami sai an gwada shi. Ki jiƙa ɗan kaɗan ki murza shi kamar kaurin ɗan yatsa, ki naɗe shi a yatsanki. Idan ya naɗu bai karye ba, yana da danƙo. Idan ya farfashe, yashi ya yi masa yawa. Gwaji na biyu ya fi wannan faɗin gaskiya: ki yi ɗan faifai dogo, ki ja layi mai tsawon santimita 10 a kai da rular 'yan makaranta, ki bar shi ya bushe a inuwa, ki sake aunawa. Idan layin ya ragu da rabin santimita zuwa kusan ɗaya, yumɓun zai yi aiki. Idan ya ragu fiye da santimita ɗaya, ko faifan ya lanƙwashe, sai an ƙara masa gauraye sosai, wato abin da ake haɗa yumɓu da shi kamar dakakken tsingaro. Sannan ki lura da ƙananan fararen tsakuwa. Ki matsa wa guda lemun tsami, in kika ga 'yan kumfa suna tashi, dutsen farar ƙasa ne. Shi wannan makircinsa sai bayan gashi yake bayyana: idan wuta ta yi ƙarfi yakan ƙone, daga baya ya sha ɗanshin iska ya kumbura, ya ɓalle fatar tukunya bayan ta riga ta isa gidan mai saye. Irin wannan yumɓu sai an tace shi, ko a canja rami.

Jiƙo da kwaɓi

Ki shanya yumɓun ya bushe ƙarau, ki farfasa shi kamar girman goro. Busasshe ya fi mai ɗanshi saurin narkewa a ruwa. Ki zuba a rabin durom ko tsohuwar randa, ruwa ya sha kansa, ya kwana biyu. Abin jiƙon nan ya zama a rufe ko da yaushe in akwai mai rarrafe a gidan. Bayan nan ki dama, ki tsince saiwa da tsakuwa da hannu, in ƙananan kaya za ki yi ki tace da rariya. Ki baza shi a kan buhu har ya daina bin hannu.

Yanzu sai gauraye. Yumɓu zalla yana tsukewa da yawa in yana bushewa, kuma ba ya barin tururi ya fita in ya shiga wuta. Abin da ya fi komai gyara shi shi ne dakakken tsingaro, domin ya riga ya sha wuta, ya gama tsukewarsa. Saboda haka kada ki zubar da fasasshiyar tukunya ko ɗaya. Ni nakan zuba kwano ɗaya na tsingaro ga kwano uku ko huɗu na yumɓu, amma kowane rami da abin da yake so, gwajin faifai ne zai nuna miki. Tukunyar girki da tanda da kaskon wuta suna son tsingaro da yawa, don su jure hawa murhu kullum. Randa da tulu kuwa ana ƙara musu ƙaiƙayi mai laushi ko ɓuntun shinkafa, wasu kuma dakakken kashin jaki. Waɗannan suna ƙonewa a wuta su bar ƙananan kafofi, ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi.

Dakan tsingaro a waje ake yinsa, a yayyafa ruwa, a ɗaure hanci da baki, a kori yara. Ƙurarsa tana ɗauke da ɓurɓushin dutse wanda in ya shiga huhu ba ya fita, kuma ciwon ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Don haka ne ma ban yarda a share rumfata a bushe ba. A yayyafa ruwa tukuna.

Kwaɓi da ƙafa ake yi, a kan buhu ko tsohuwar fata, ana takawa daga tsakiya zuwa gefe, a naɗe a sake takawa. Tafin ƙafa yana jin tsakuwar da ido bai gani ba. Ki yanka curin da zare ki duba cikinsa: in akwai ramukan iska ko wani wuri ya fi wani duhu, da saura. Idan ya haɗu, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu, ki ɗora leda, ya kwana aƙalla uku. Yumɓun da ya kwana ya fi na yau biyayya nesa ba kusa ba.

Ranar gini

Bayan sallar asuba nakan leƙa ɗakin bushewa kafin komai. In ɗaga buhu, in taɓa kowace tukunya, in juya wadda gefenta ɗaya ya fi bushewa, in ware waɗanda suka isa gogewa yau. Wannan zagayen ba ya wuce minti goma, amma shi ke gaya mini aikin ranar. Sannan in gama da karin kumallo da shirin yara, domin da zarar hannu ya shiga yumɓu, tashi da zama yana ɓata aiki.

Gini daga hantsi ne zuwa azahar. Ga yadda nake yin randa ko tukunya ta hanyar kifi. Ki cura yumɓu, ki faɗaɗa shi kamar faifai mai kaurin yatsa. Ki kifa tsohuwar tukunya, ki barbaɗa mata toka, ki ɗora faifan a kan gindinta. Ki riƙa bugawa a hankali daga tsakiya kina gangarowa kina zagayawa, har ya rufe rabinta da kauri iri ɗaya. Ki yanke bakin ya daidaita. Sai ki bar shi ya ɗan kama jikinsa, kuma a nan sabbin shiga suke yin asara: yumɓu yana tsukewa, tukunyar da ke ƙarƙashinsa ba ta tsukewa, in kika bar shi ya daɗe zai tsage a kanta. Da hunturu ba ya kai rabin sa'a, da damina yakan fi haka. Da zarar ya iya riƙe siffarsa, ki ɗaga shi da hannu biyu, ki juya shi, ki zaunar a cikin kasko ko a kan gammo, ki lulluɓe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Nakan yi gindi huɗu ko biyar a jere, kafin in gama na ƙarshe na farko ya isa ɗori.

Akwai masu yi ta wata hanya, a ɗan rami marar zurfi a ƙasa: a sa curin a ciki, a riƙa dukan cikinsa da dundunge ana juyawa har ya zama ƙwarya. Tana da sauri ga wadda hannunta ya saba. Wadda kika samu mai koya miki, ita za ki riƙe.

Ɗori kuwa, ki murza yumɓu kamar igiya mai kauri, ki kakkarce bakin gindin da sakaina, ki ɗan jiƙa shi, ki ɗora igiyar kina mannewa da babban yatsa ciki da waje har gaɓar ta ɓace. Dundunge a ciki, katako a waje, ki riƙa bugawa suna haɗuwa. Ruwa kaɗan ake sawa. Yawan ruwa yana sa aiki ya yi santsi a ido amma yana raunana bango. Idan kin kai kafaɗa ki tsaya. Kafaɗar da ba ta yi ƙwari ba ba za ta ɗauki wuya ba, za ta lotsa. Wannan tsayawar takan zo daidai da azahar, sai ki rufe, ki yi salla, ki ji da abincin rana.

Bayan la'asar sai wuya da baki. Ki ɗora igiya ta ƙarshe, ki naɗe jiƙaƙƙen tsumma a kanta tsakanin yatsu, ki riƙa zagaya tukunyar da baya kina ja, ba tare da kin ɗaga hannu ba, har bakin ya fito sumul. Mai saye bakin yake fara dubawa. Zanen totuwa ko igiyar kaba yanzu ake birgima shi, tun jiki na da taushi.

Sauran yammacin na kayan jiya da shekaranjiya ne, waɗanda suka yi taurin sabulu, wato farce na shiga amma yatsa ba ya lotsa su. Ki kankare inda ya yi kauri, musamman gindi. Ki shafa ruwan jar ƙasa da aka tace, in ya sha iska ki goge da dutse ko 'ya'yan kuka har ya ɗauki sheƙi. Guga tana toshe kafofi, saboda haka tukunyar girki a goge ta ciki da waje, amma randa wuya da kafaɗa kawai, a bar sauran jikinta da kaushinsa don ta yi gumi. Randar da aka goge ta duka tana da kyau a ido, ruwanta kuwa ɗumi.

Kafin magariba ki tattara guntayen yumɓu ki mayar cikin jiƙo, ki wanke kayan aiki, ki rufe komai. Ki wanke hannu ki shafa man kaɗanya, domin yumɓu yana tsotse maiƙon fata, da hunturu har yatsu su tsattsage. Bayanki ma ki tausaya masa: ki riƙa miƙewa tsakanin tukunya da tukunya, babbar randa kuma kada ki ɗaga ke kaɗai. Yara suna iya taya ki tankaɗe toka ko gina asusu bayan sun dawo daga boko da islamiyya, amma ban ga dalilin da zai sa a hana yarinya makaranta saboda tukwane ba. Wadda ta iya lissafi da rubutu ita za ta fi riƙe sana'ar.

Bushewa

A nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa. Baki siriri ne kuma yana sama, shi ke fara bushewa. Gindi yana da kauri kuma yana zaune a ƙasa, shi ke ƙarshe. Idan baki ya tsuke alhali gindi bai motsa ba, dole wani wuri ya buɗe. Dabarar duka ita ce a sa su tafi tare. Kwana biyu na farko a rufe da buhu. Da baki ya yi ƙwarin ɗaukar nauyi, a kifa tukunyar gindi ya kalli sama. Sai an ga launinta ya yi haske ko'ina sannan a fitar da ita rana, ta safe tukuna, ana juyawa.

Ƙananan kaya kamar asusu da kaskon turare sukan bushe cikin mako guda. Babbar randa tana neman mako biyu zuwa uku, da damina fiye da haka. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ki kanga ta a kumatu ko bayan hannu a inuwa: in kika ji sanyi, akwai ruwa a ciki.

Iskar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Wata shekara an ba ni aikin randuna da kasake na kayan ɗakin amarya, lokaci ya ƙure, na fitar da su tsakar gida a kwana na biyu don su yi sauri. Da gari ya waye fiye da rabinsu sun yi tsaga daga baki zuwa kafaɗa. Na mayar da kuɗin mutane, na kuma ji nauyin uwar amaryar ƙwarai, domin ta dogara da ni. Tun daga ranar, duk wanda ya zo da aikin da kwanakinsa ba su isa bushewa ba, nakan ba shi haƙuri tun a tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke hana irin wannan matsi shi ne kullum ki kasance da kaya kashi uku a gida: yumɓu a jiƙe, gini yana bushewa, busassu suna jiran wuta. Kayan da za ki kai kasuwar wannan mako, tun makonni biyu ko uku da suka wuce aka gina su.

Gashi

Ba a cikin gida ake gashi ba, sai dai in 'yan ƙananan kaya ne kuma filin yana da faɗi. A nemi fili a bayan gari, nesa da rufin ciyawa da rumbu da tarin kara, da sanin mai unguwa. Idan akwai wasu magina kusa, ku haɗa wuta ɗaya, kowa ta yi wa kayanta alama a gindi. Makamashi ya fi auki, kuma babban tari ya fi ƙarami riƙe zafi. A zaɓi yammacin da iska ta kwanta, a ajiye ruwa a kusa.

Ranar gashi kayan su wuni a rana. Sannan a ɗumama su, kuma wannan mataki ba a tsallake shi. Ko tukunya ta bushe yaya, akwai sauran ɗanshi a jikinta, kuma da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Celsius zai zama tururi. In ya tashi da sauri bai samu hanya ba, sai ki ji fas, ta tarwatse ta kuma fasa maƙwabtanta. Ana kifa manya a kan garwashi marar ƙarfi bisa duwatsu uku, ko a ƙona 'yar ciyawa a cikinsu, har su yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai.

Sai jeri. A shimfiɗa itace da busasshen kashin shanu a ƙasa. Manya a tsakiya, a kife ko a kishingiɗe baki na kallon baki, ƙanana a cike tsakani da sama. Kada a cusa su da ƙarfi, a bar wa wuta hanya. A lulluɓe tarin da manyan tsingaro, su ne garkuwa tsakanin kaya da harshen wuta da iska mai sanyi. A bi da kara da ciyawa da sauran kashin shanu har kada a ga tukunya ko ɗaya. A kunna daga ɓangaren da iska ke nufa, don wutar ta riƙa cin gaba a hankali maimakon ta mamaye tarin gaba ɗaya.

Irin wannan wuta takan kai digiri 600 zuwa 900. Tsakanin 450 da 600 ne ruwan da ke cikin halittar yumɓun kansa yake fita, daga nan ba zai sake narkewa ya koma laka ba. Tukunyar da ba ta kai nan ba, ranar da aka zuba mata ruwa za ta saki. Ba ki da ma'auni, amma kina da ido, shi ya sa gashin yamma ya fi: idan duhu ya shiga kika leƙa ta kafa kika ga kayan sun yi ja kamar garwashi, har na gefe, wuta ta kai. Duk inda rami ya buɗe a tarin, a toshe shi da ciyawa nan take. Wutar kara takan gama cikin sa'a ɗaya ko biyu, ta kashin shanu tana ci a hankali har dare ya raba.

In kina son baƙaƙe, ki zaro su da dogon sanda suna da zafi ki binne cikin ƙaiƙayi ko garin katako, hayaƙin zai shige su. Masu son launin ruwan ƙasa mai sheƙi sukan yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko ruwan bagaruwa a jikin tukunya tun tana ƙuna. Wannan na ƙananan kaya ne da tukwanen girki. Manyan randuna a bar su su huce a cikin tokarsu har safiya.

Da safe ki ɗauki kowace ki ƙwanƙwasa da yatsa. Lafiyayya tana amsawa garau kamar ƙararrawa. Mai tsaga muryarta a dushe take ko da ido bai ga komai ba. Irin wannan kada ki shafe ta da toka ki sayar. Ki rage mata kuɗi ki faɗi aibinta, a zuba hatsi ko a shuka fure, ko ta koma turmi.

Maganar shafin gilashi da fenti

Za ki ga tangaran masu sheƙi kamar gilashi ki yi sha'awa. Wannan wani fanni ne daban, yana buƙatar ginanniyar matoya mai kai zafi sama da digiri 1,000. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da hannu ta koyi gini irin na Gbagyi tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin, kuma a can aka riƙa yi wa randunanta shafin gilashi ana gasawa da wuta mai tsanani. Sun zaga duniya, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma randar da aka yi wa haka ta zama ta ado, ba ta gumi, ba ta sanyaya ruwa. Kowanne da amfaninsa. In kina son wancan, ki je inda ake koyarwa.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ki saurari mai cewa a narka dalmar tsohon batir ko wani garin da ba ki san asalinsa ba don a samu sheƙi da ƙaramar wuta. Dalma guba ce, tana zama a ƙasar gida, tana shiga abinci. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara saboda dakan duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Fentin kanti ma a bar shi a jikin tukunyar fure da asusu, kada ya taɓa cikin abin da za a ci ko a sha.

Lissafi da kasuwa

Ki sayi littafi. Kowane gashi ki rubuta nawa suka shiga, nawa suka fito lafiya, me kika kashe a kan haƙo yumɓu, dako, makamashi da kuɗin mota. A kan waɗanda suka fito lafiya ake raba kuɗin. Idan 40 suka shiga 34 suka fito, 34 ɗin ne za su biya na 40, sannan ki ɗora ladan kwanakinki. Mata da yawa ba sa lissafa wahalarsu, shi ya sa 'yan sari ke kwashe kaya a arha. Littafin zai kuma nuna miki wane rami ko wane wata ne fashi ya fi yawa.

Roba da alminiyum sun ci kasuwar buta da tukunyar tuwo, wannan gaskiya ne. Amma akwai inda ba su kai ba, kuma kowane kaya da lokacinsa. Randa da tulu daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ya tsananta ga rashin wutar lantarki. Tanda kafin azumi. Kaskon turare da na wuta da hunturu da lokacin bukukuwa. Tukwanen fure a birane, asusu kuwa ko yaushe. Akwai kuma tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu kyautar Rolex a 2000: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, tumatir da gauta da alayyafo su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Masu sayar da kayan miya suna nemanta, kuma duk mai iya randa za ta iya ta, in dai ta auna yadda tazarar yatsu biyu ko uku za ta rage tsakaninsu.

Ki ɗauki hoton kayanki da hasken safe ki sa a WhatsApp. Mai ba da aiki na musamman ya ba da kafin alƙalami, ki faɗa masa ranar da ta wuce lissafinki da mako guda, ki kuma gina fiye da abin da ya nema. Wajen lodi a shimfiɗa ciyawa, a cusa ta tsakanin kowace biyu, kuma a yi magana tun kafin mota ta tashi kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe a hanya. Mai sayen tukunyar girki ki gaya mata ta fara dama kunu mai ruwa-ruwa a ciki da ƙaramar wuta don ya toshe kafofi. Mai randa ta cika ta zubar sau biyu ko uku kafin a fara sha.

Da damina aiki yakan ja baya. Kaya ba sa bushewa, kara ya jiƙe, filin gashi ya zama gona. Nakan koma kan ƙananan abubuwa in jera su a kan katako kusa da murhu, in daka tsingaron da zai ishe ni rani, in duba rufin ɗakin bushewa tun kafin ruwan farko, domin ɗigo ɗaya yana huda ɗanyar randa cikin dare. Makamashin gashi ɗaya ko biyu nakan ɓoye shi a ɗaki tun bazara, saboda wani lokaci ruwa yakan ɗauke kwana uku ko huɗu a jere, ƙasa ta sha iska, sai mu aika wa juna yara a fito da abin da ya bushe.